Hizbullahi da Tarwaɗar Ƙasan Imel

Duk wanda ya zauna a layin 'yan kifi na Nguru a shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun talaka, ya san Hizbullahi. In ma bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don mutumin nan ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya cusa labarin kansa a ciki. Kano ya tafi koyon kwamfuta, bai ƙarasa ba ya dawo, wai malaman ne suka roƙe shi ya tafi saboda tambayoyinsa sun fi ƙarfinsu. Tun daga tasha ya naɗa wa kansa Injiniya. Mu kuwa da ba mu san kan abin ba, muka bi shi da amin.

Kawunsa Alhaji Mudi shi ne shugaban ƙungiyar dillalan kifin banda ta Nguru da Gashuwa, kuma ya daɗe a kujerar har yara na zaton da ita aka haife shi. Ka zagi motarsa, ka kushe rigarsa, dariya zai yi. Amma kujerar nan, kul! Yana da kwamfuta a ofishinsa na bakin kasuwa, da ita ake aika imel ga masu saye a Legas da Anaca, da kuma reshen ƙungiya na Gashuwa. Alhaji ba ya karanta boko, ajami ne nasa. 'Yarsa Rahima ce ke buga masa saƙo, ita ce kuma ta tsara masa sa-hannun da ke fitowa da kansa a ƙasan kowane imel: jerin taurari, hoton tarwaɗa ta lanƙwasa jela, sunansa da rubutu mai ƙwalisa, sai kalmar Shugaba. Ba a tura saƙo sai Alhaji ya dangwala yatsa a kan tarwaɗar nan ya ce, "Yauwa, ga ni nan. Tura."

Rahima na tafiya jami'a a Maiduguri, Hizbullahi ya gaje kujerar kwamfuta.

"Kawu," ya ce, "wannan abar taka tafiyar mai ciwon gwiwa take yi. Bari in sabunta mata manhaja. In na gama da ita, kana cikin tunanin magana za ta isa Legas."

Bubayero, dillalin shanu, aminin Alhaji da kullum yake shan shayinsa a ofishin, ya ɗago kai. "Lafiyarta ƙalau fa, Injiniya. Jiya ma na ga tana aiki."

"Baffa, ka tsaya a kan ƙaho da kofato. Nan ba kara ba ce."

Ya zura faifai, ya danna nan, ya danna can. Duk tambayar da kwamfutar ta yi masa, kafin ta rufe baki ya ce mata e. Har da wadda ta tambaye shi ko ta share tsofaffin saƙonni. Da ta farfaɗo, sai ga ta fes, launi sabo, har da ɗan kiɗa. Don ɗoki bai jira Alhaji ya dawo daga masallaci ba, ya buga sanarwar sabon farashin kwali ya watsa wa kowa da kowa. Saƙon ya fita tsirara, babu taurari, babu tarwaɗa, babu Shugaba.

To a Gashuwa akwai Alhaji Ajimi, mataimakin shugaba, wanda ya yi ta jiran kujerar nan har furfura ta cim masa a kan layi. Da aka buɗe masa saƙon a kafe, wato shagon intanet na haya, ya duba ƙasa, ya goge tabarau ya sake dubawa.

"Jama'a," ya ce wa mutanensa, "babban mutum ba ya fitowa taro babu hula sai da dalili. Alhaji Mudi ya ajiye. Kunya ce ta hana shi faɗa da baki."

Kafin la'asar ɗin washegari direbobin Gashuwa sun sauke labarin a Nguru tare da kwalayen kifi. Wani direba ya leƙo ofis ya durƙusa. "Alhaji, ashe an huta? Allah ya sa hutun alheri ne."

"Wa ya huta? Ubanka ne ya huta!"

Da aka warware masa zancen, Alhaji ya finciko Hizbullahi gaban kwamfuta. Aka buɗe sabon saƙo. Yatsan Alhaji ya yi ta yawo a ƙasan allo, bai samu wurin sauka ba.

"Hizbullahi, ina nake?"

"Kana nan, Kawu."

"Ban ga ni ba! Ina tarwaɗata?"

Bubayero ya kurɓi shayi. "Alhaji, ga waya a aljihunka. Ka kira Ajimi ka ce masa kuskure ne, ko ka kira Rahima ta faɗi yadda ake yi."

"Ni in kira mataimakina in yi masa bayani? Gobe kuma sai in ɗaukar masa buta!"

"Rahima kuma?" in ji Hizbullahi, yana dafe ƙirji. "Yarinyar da na goya? Haba Baffa, ka ci mutuncin ilimi. Kawu, kwantar da hankalinka. Sa-hannu ba ya ɓata, zamewa yake yi. Sabuwar manhajar santsi gare ta, shi ne ya sulale ya faɗa cikin akwatin ƙasa. Yanzun nan zan fito maka da shi."

Ya kwance akwatin kwamfutar, ya fito da shi ƙofar ofis, ya jawo tiyon iskar mai facin da ke gefe. Jama'a suka taru. Ya ce kowa ya zuba ido, in an ga abu mai kama da kifi ya yi tsalle a cafke. Ya saki iska. Wayyo! Garin kifi da yanar gizo na shekara da shekaru suka turnuƙe layin, masu kallo suka koma kamar an tono su. Bayan ƙurar sai ga kyankyasai, dangi guda, kaka da jikoki, suka watsu. Rabinsu suka zaɓi babbar rigar Bubayero. Dattijon da ko bijimi ba ya sa shi gudu, ranar sai da ya yi rawar da ba a taɓa gani a Nguru ba.

"Ka ga tarwaɗar?" Alhaji ya tambaya yana tari.

"Ba ta ciki, Kawu. Wannan ma ci gaba ne. Yanzu mun san inda ba ta."

Da gari ya waye ya zo da sabon bayani. Wai da ya kwana yana lissafi, ya gano sa-hannun ya bi waya ya hau sama, ya maƙale a bakin dish. Dish ɗin kuwa, ƙaton farantin nan da ke jawo intanet, na mai kafen layin ne, daga nan aka ja wa Alhaji waya. Mai kafe ya je ɗaurin aure, sai Hizbullahi ya kafa tsani ya haye rufi da sifana.

"Injiniya, sauko," in ji Bubayero daga nesa, don yanzu ya daina matsowa. "Abin mutane ne."

"Karkata shi kawai zan yi, abin da ya maƙale ya gangaro."

Ya kwance ƙusa, ya karkata. Nan take intanet ya ɗauke a layin gaba ɗaya. Masu cike takardar jarrabawa a kafe suka fito suna salati. Ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, ya rasa inda ya same shi tun farko. Da ya ga mai kafe ya doso a kan babur, ya ja da baya don ya ɓuya, ya taka rumfar zana. Rumfa ta ce ba da ita ba. Sai ji muka yi rigijib! Injiniya ya nutse cikin buɗaɗɗen kwalin banda, ƙafafu a sama, sifana a hannu.

Mai kifin ta riƙe haɓa. "Sannu Injiniya. An samo?"

"Saukar gaggawa ce, Inna. Haka ake koyar da ita."

Sai da aka ɗauko mai gyara daga Kano kafin dish ya koma daidai. A 'yan kwanakin nan kuwa zance ya ƙara nauyi. Aka ce a Gashuwa har an fara ce wa Ajimi ranka ya daɗe. Alhaji Mudi ya daina cin abincin kirki, ya rame a tsaye, kullum yana zaune yana kallon kujerarsa kamar za a shigo a ɗauke. Gaskiya ya ba mu tausayi.

Hizbullahi ya ce ai abu mai sauƙi ne, zai ƙera sabo da hannunsa. Ya kama linzamin kwamfuta ya zana kifi, harshe a waje, gumi na ɗiga. Da ya gama ya tura wa wani mai saye a Anaca don gwaji. Ba a jima ba wayar Alhaji ta yi ƙara. Mutumin Anaca ne, da Hausarsa ta kasuwa, yana tambaya ko Alhaji ya bar kifi ya koma sayar da silifa, in haka ne a aiko masa da samfur.

Alhaji ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Duk wanda ya san shi ya san in hular nan ta sauka, magana ta ƙare.

"Ɗan nan, don darajar uwarka da muka sha nono ɗaya nake ƙyale ka. Ranar kasuwa mai zuwa zan tara ƙungiya. In tarwaɗata ba ta dawo kafin nan ba, ka nemi wani kawun."

"Kawu, yanzu na gano bakin zaren! Shekara nawa muna tura saƙo Gashuwa? Kowane saƙo da tarwaɗarsa. Ai suna can jibge a akwatin Ajimi. Zuwa zan yi in ɗauko ɗaya."

Kai, wannan karon har Bubayero sai da ya gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da ta masu hankali.

Ya sa kwat a cikin zafin nan, ya ɗora baƙin tabarau wai kada a gane shi, ya rataya filash a wuya, ɗan abin nan kamar yatsa da ake kwasar bayanai a ciki. Ya hau motar Gashuwa. Kafin su wuce Jajimaji duk fasinjojin sun san aikin sirri zai je yi, sun san sunansa, sun san sunan kawunsa.

A Gashuwa ya sami kafen da Ajimi ke zuwa, ya laɓe a lungu yana leƙe ta saman jarida. Da aka kira azahar, Ajimi ya tashi ya tafi masallaci, ya bar akwatin imel ɗinsa a buɗe. Hizbullahi ya yi wuf ya zauna. Saƙon farko da ya buɗe, ga taurari, ga tarwaɗa ta lanƙwasa jela, ga rubutu mai ƙwalisa.

"Malam, wannan kujerar da mai ita," in ji Ɗanladi mai kafen.

"Binciken lafiyar na'ura nake yi. Daga sama aka turo ni."

"Wane saman? Ba kai ne na Nguru da ya faɗa kwalin kifi ba?"

"Ƙanena ne. Muna kama."

Ya kwafe, ya zura a filash, ya fice har yana tuntuɓe da benci. Bai tsaya karanta ko harafi ɗaya ba. Shi a faɗarsa, karatu na 'yan koyo ne, ƙwararre siffa yake kallo.

Abin da bai sani ba shi ne, tun ranar da Ajimi ya yanke cewa kujera ta zama tasa, ya sa Ɗanladi ya kwaikwayo masa sa-hannun Alhaji Mudi tsaf, taurari da tarwaɗa da komai, aka canja suna kawai, kuma saƙon gwajinsa ne ke saman akwatin. Abin da Injiniya ya rataya a wuya ya kamo hanyar Nguru da shi, sunan Alhaji Ajimi ne, da Shugaba a ƙarƙashinsa.

Daga tasha ya ɗauki ɗan acaɓa ya ce ya yi ta danna oda har ofis. Ya shiga yana ɗaga filash sama. "A ba ni hanya! Na shiga har cikin gidansu na ƙwato ta!"

Ya dasa ta a ma'ajiyar sa-hannu, ya buɗe sabon saƙo. Sai ga ta. Alhaji Mudi ya matso, ya dangwala yatsa a kan tarwaɗa, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Ga ni nan! Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Na zage ka a banza."

"Ba komai, Kawu. Mu masu ilimi mun saba."

"Zauna ka buga. Ka ce: jita-jita ta isa haka. Kowa ya hallara Nguru ranar kasuwa. Wanda kuma yake son sanin shugaban wannan ƙungiya, ya duba ƙasan wannan saƙo, magana ta ƙare. Tura wa kowa, har na Legas."

Hizbullahi ya tura, ya kuma buga kwafi a takarda, ya ninke ya sa a aljihu don ranar taro.

Ranar kasuwa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika. Alhaji Mudi ya sha babbar riga mai aiki, ya hakimce a tsakiya. Can sai ga motocin Gashuwa, har da masu ganga. Ajimi ya sauko da sauri, ya rungume Alhaji Mudi yana share hawaye, yana gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, wushe, Alhaji! Wallahi ban taɓa zaton haka daga gare ka ba. Ka kunyata ni da alheri."

Alhaji Mudi ya bubbuga bayansa. A zatonsa tuba mutumin ya zo yi. "Ba komai, Ajimi. Ai gaskiya ce na fito da ita fili."

"Ka fito da ita, Alhaji! Ka fito da ita!"

Bubayero, da yake Bafillace ne kuma Ajimi Babarbare, akwai wasa a tsakaninsu, sai ya ce, "Yau kuma me aka ba Babarbare yake kuka? Ko gishiri ya yi arha?"

"Yi shiru, mai bin saniya. Yau ko kai na yafe maka."

Bayan addu'a, Hizbullahi ya fizge makirfo daga hannun mai gabatarwa. Ya fara da tarihin kansa. Ya ce sa-hannun shugaba ya ɓata ɓatan da Turawan da suka ƙera kwamfuta ma sun sallama, shi kaɗai ya bi sawunsa ta ƙasa da ta sama har ya kamo shi. Sannan ya warware takarda ya karanta saƙon da murya mai kauri, yana fassarawa. Ya iso ƙasa.

"Wanda yake son sanin shugaba, ya duba nan! Ga taurari! Ga tarwaɗa! Ga kuma suna, ku buɗe kunne. Alhaji... Alhaji A..."

Ya tsaya. Ya cire baƙin tabarau. Ya matso da takardar har tana taɓa hancinsa.

"Ƙarasa mana!" in ji Alhaji Mudi, yana murmushi.

Mutanen Gashuwa suka zaro nasu kwafin suna kaɗawa, suka ƙarasa masa baki ɗaya: "Alhaji Ajimi! Shugaba!" Ganga ta ɗauka.

Murmushin Alhaji Mudi ya daskare. Hizbullahi ya sunkuya kusa da kunnensa don ya yi masa raɗa, ya manta makirfo na hannunsa, a bakinsa ma.

"Kawu, kada ka yi ihu. Da na saci shiga akwatin Ajimi yana masallaci, ashe tasa na ɗauko. Wallahi kifin iri ɗaya ne!"

Lasifika ta kai maganar har layin 'yan albasa. Sai wata mai tallan fura ta fashe da dariya, kasuwa kuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Masu dako suka ajiye kaya suna riƙe ciki. Bubayero ya zame daga kujera yana bubbuga ƙasa da sandarsa. Hizbullahi ya ɗaga hannu yana cewa matsalar daga tauraron ɗan'adam ce, ba wanda ya ji shi.

Ajimi dai tsohon ɗan kasuwa ne. Ya bari dariya ta lafa, ya karɓi makirfo, ya yi magana a hankali.

"Jama'a, lasifikar haya ce, tana iya faɗin abin da ba a ce ba. Ni abu biyu ne a gabana. Ko dai yayana Alhaji Mudi ya ba ni kujera don girmansa, ko kuwa ya aiki ɗansa ya shiga akwatina ina salla. Ni ban yarda da na biyun ba. Amma shi zai faɗa da bakinsa."

Ya miƙa masa makirfo. Kowa a wurin ya san gaskiya, kowa kuma ya san an shimfiɗa wa dattijo hanyar rufin asiri. Alhaji Mudi ya dubi jama'a, ya dubi kujerar da ya tashi daga kai.

"Kyauta ce," ya ce. "Na ba shi."

Aka yi kabbara. Limamin kasuwa ya miƙe ya ce tun da yake bai taɓa ganin shugaban da ya sauka da ƙafarsa yana da rai da lafiya ba, a yi koyi da Alhaji. Alhaji Mudi yana tsaye hawaye na zuba, masu yabo na cewa tsoron Allah ne. Mu da muke kusa mun san ba shi ba ne.

Sai ya share fuska, ya sake ɗaga makirfo, muryarsa ta washe.

"Ban gama ba. Shugaba ba ya aiki hannu sake. Na haɗa masa da kwamfutar ofis. Kuma don kada ta ba shi wahala, na haɗa masa da ɗana, ɗan ƙanwata, Injiniya Hizbullahi. Daga yau ya koma Gashuwa, ci da sha da kwana, duk a wurin Shugaba."

Wata kabbarar ta tashi, ta fi ta farko. Fuskar Ajimi ta yi kamar an ba shi maɗaci. Amma dattijo ya yi maka kyauta a gaban kasuwa guda, da wane bakin za ka ce ba ka so? Ya ce ya gode. Hizbullahi kuwa har ya warware, ya gyara kwat, yana gaya wa na kusa da shi cewa dama ya san Nguru ta yi masa kaɗan.

Da aka zo tafiya, an ɗaure kwamfuta a bayan mota, Injiniya ya riga kowa shigewa gidan gaba, kujerar Ajimi, yana nuna wa direba yadda ake riƙe sitiyari. Ajimi ya ja Alhaji Mudi gefe, ya rage murya.

"Alhaji, tsakanina da kai. In na mayar maka da kujerarka yanzun nan, a gaban kowa, za ka riƙe ɗanka?"

Alhaji Mudi ya leƙa motar. Ya daɗe yana kallon ɗan ƙanwarsa, wanda a lokacin ya fara kwance rediyon motar da sifana. Sannan ya kama hannun Ajimi da hannu bibbiyu, ya buɗe masa ƙofar baya da kansa.

"Allah ya kiyaye hanya, Shugaba."